Usta Badaru da Makullin da Ya Sha Man Riɗi

Duk wanda ya saba bin titin da ke shiga kasuwar Suk Libya da sassafe ya san dattijon nan siriri, mai farar jallabiyar da ta sha wanki har ta gaji, da gwangwanin biskit a hammata, da fensir a bayan kunne. Ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa hira. Yana isa gindin darbejiyar da ke kusa da masu facin taya sai ya kaɗe bencinsa da gefen rawani, ya ajiye gwangwanin a damansa, ya zauna. Asma mai shayi ba ta tambayarsa abin da zai sha. Ta san nasa ja ne, sukari kaɗan, ta kuma san kafin hantsi zai sa ta haɗa wasu kofunan da ba shi zai sha ba. Wannan shi ne Usta Badaru, wato gwanin sana'a Badaru, mutumin da unguwarmu Umbadda take kira idan makulli ya maƙale a mota, ya ƙi juyawa ya ƙi fita.

Sana'arsa ke nan, ita kaɗai. Ba ya taɓa inji, ba ya duba birki, in ka ce masa motarka tana hayaƙi zai nuna maka wani da baki. Ya koyi aikin yana saurayi a garejojin Alshajara, lokacin da yake tsallake gada kullum zuwa Khartoum, daga baya ya dawo da shi unguwa. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a Omdurman, kuma har yau jikokinsa ba su tashi daga zangon ba. Abin da ke cikin gwangwanin bai taka kara ya karya ba: ƙananan magagarai, 'yan wayoyin da ya lanƙwasa da kansa, tsohon burushin haƙori, da guntayen fensira.

A watan nan zai ajiye gwangwanin. Hannunsa na dama ya fara rawa, kuma 'yarsa Nuha ta gyara masa ɗaki a gidanta da ke unguwar Alsahafa, ta ce ba za ta ƙara jin wani uzuri ba. Ya so ya sulale shiru kamar yadda yake wucewa da safe. Ni kuwa ban yarda ba. Bakinmu ba ya gajiya wajen yabon mutanen da ba su taɓa sanin sunan unguwarmu ba, to yau zan kai nawa bakin inda ya dace.

In kana son sanin Badaru, ka kalli abin da yake fara yi idan aka kira shi. Mai mota yana tsaye yana zufa, ya murɗa makulli ya murɗa, ya zagi motar, ya zagi wanda ya sayar masa da ita, yatsansa har ya yi ja. Badaru zai iso, ko kallon makullin ba zai yi ba. Zai ɗaga wa Asma hannu, a kawo shayi mai zafi a kofin gilashin nan namu marar mariƙi, ya danƙa wa mutumin. Wanda ke riƙe da irin wannan kofi ba shi da hannun taɓa komai. Na taɓa tambayarsa ko karamci ne ya yi masa yawa haka, ya yi dariya.

“Wane karamci, ya zol, mutumina? Makullin ba na tsoronsa. Hannun mai motar nake tsoro. Sai na ba shi abin riƙewa sannan nake samun wurin aiki.”

Bayan shayin sai hanci. Zai sunkuya kusa da sitiyari ya shinshina, kuma sau da yawa daga nan magana ta ƙare. A nan dole in tona mana asiri. Mu mutanen ƙasar nan mun yarda da man riɗi fiye da yadda muka yarda da likita. Mura man riɗi, ciwon kunne man riɗi, ciwon baya man riɗi, jariri ya yi kuka a shafe shi da man riɗi, ful, dafaffen waken nan namu, ba ya shiga baki sai da shi. Don haka ranar da makullin mota ya fara tauri, ba wanda yake dogon tunani, sai a shiga madafa. Kwana kaɗan makullin zai yi laushi har mutum ya yaba wa kansa. Daga nan ƙurar Omdurman ta shiga ta sami mai, su haɗu su zama ƙullu. A cikin gidan makulli kuwa akwai wasu 'yan siraran ƙarafa kamar farce, waɗanda sai sun hau sun sauka kafin makulli ya juya. Da ƙullun ya kama su, shi ke nan.

“Wa ya ba ta karin kumallo?” Haka Badaru yake tambaya in ya ɗago kai. “Saura albasa da gishiri, mu kira jama'a.”

Ya yi shekaru yana wa'azin man riɗi a Umbadda. Maganinsa garin bakin fensir ne, ya kankare shi ya goga a jikin makulli, don yana sa santsi kuma ƙura ba ta manne masa. Mun ji, mun ce tamam, mun koma gida mun ɗauko kwalba.

Amma abin da aka fi saninsa da shi, abin da ya jawo masa suna da zagi a lokaci guda, shi ne bai taɓa fasa gidan makulli ba. Akwai hanya mai sauri, kowa ya san ta: a sa guduma a fasa, a zaro wayoyi, a haɗa biyu mota ta tashi. Badaru ba ya yi, ba kuma a yi a gabansa. Yakan ce motar da aka fasa wa gidan makulli ta daina zama ta mai ita, ta zama ta duk wanda ya iya haɗa waya. Abdulmun'im, wani direban haya, ya ba ni labarin ranar da makullinsa ya maƙale motar cike da 'yan biki da za su Alsahafa. Mata suna ta masifa, mai ganga ya sauka yana neman wata motar, shi kuwa Usta yana zaune yana lallaɓa makulli da yatsa biyu kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Abdulmun'im ya ce sai da ya daka masa tsawa, ya kira shi Usta Sannu-Sannu. Badaru bai ɗago ba. Da makullin ya saki, aka isa biki kafin a ɗaura aure, kuma gidan makullin nan yana cikin motar har gobe. Sunan dai ya bi shi, wasu ma ba su san na yankan ba.

Sai yaƙi ya zo. Ba sai na faɗa wa kowa abin da ya sami motoci a garin nan ba. Aka kwashe na kan titi, aka fasa ƙofofi aka fitar da na cikin gida. Waɗanda suka kwashe ɗin suka fara neman mai yanka musu makulli, don mota mai makulli ta fi shiga kasuwa. Aka nuna musu gidan Badaru. Suka zo da bindigogi, ya fito ya tsaya a ƙofa, ya ce musu ya tsufa, ido ya tafi, kayan aikin ma babu. Suka shiga suka bincika, ba su ga komai ba, don ya riga ya haƙa rami a garken awakinsa ya binne gwangwanin. Mutumin da a lokacin nan zai iya cin nama kullum da sana'arsa, ya ɗauki kwano ya bi layin abincin taimako tare da mu. Na gan shi da idona a layin, kuma ban taɓa jin ya ambaci maganar ba.

Yanzu bari in zo kan safiyar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Malam Isma'il, dattijon da ya karantar da rabin unguwarmu, wanda kuma yake ja mana salla. Ƙodarsa ta daɗe da gazawa, da wankin ƙoda yake rayuwa. Da yaƙi ya yi tsanani, wurin da ake yi masa wankin ya rufe. Aka yi ta 'yan dabaru har dabara ta ƙare. Ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta cika, numfashi ya koma sai yana zaune. Sai labari ya zo cewa a arewacin Omdurman akwai asibitin da injinansa ke aiki, kuma in an kai shi za a karɓe shi. Magana ta zama ɗaya: ko Malam ya isa asibitin nan, ko mu fara shirin wanka da likkafani.

Malam yana da tsohuwar boksi, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda ta girmi 'yarsa Hanan. Ta tsira ne don tun farkon yaƙi an cire mata tayu da batir, an lulluɓe ta da tsofaffin tabarmi a bayan gida, duk wanda ya leƙo sai ya ga gawar mota. Idirisu mai walda, maƙwabcinmu, ƙato mai zuciyar kirki da gajeren haƙuri, shi ya mayar da tayun da batir. Unguwa ta tattara ɗan fetur ɗin da ke ɓoye a gidaje. Aka yanke Hanan ce za ta tuƙa, don a shingayen hanya an fi sassauta wa mace. Aka kuma ce a fita da safe, don in rana ta take hanyar ba ta biyuwa.

Muka shimfiɗa katifa a bayan motar, muka ɗauko Malam muka jingina shi da matasai. Matarsa Hajja Hadizatu ta hau ta zauna kusa da shi, ta riƙe masa lema. Hanan ta yi bismilla, ta zura makulli, ta murɗa. Ya ɗan motsa kaɗan ya tsaya. Ta mayar da shi baya, ya ƙi. Ta ja, ya ƙi fita. Sitiyari ya ƙulle kam.

Idirisu ya ce ta matsa. Ya gwada da hannu, ya gwada da filaya, har muka ga kan makullin ya ɗan karkace. Makullin nan kuwa shi kaɗai ne, ɗan'uwansa ya ɓace tun Hanan tana makarantar firamare. Sai Idirisu ya tafi gida da sauri ya dawo da guduma da wani ƙarfe mai kaifi.

“Khalas, ya isa, a ba ni wuri. Bugu biyu in haɗa waya ku tafi. Malam ba zai jira makulli ba.”

Gaskiya da yawanmu mun goyi bayansa, don muna jin numfashin Malam daga inda muke tsaye. Hanan ce ta shiga tsakaninsa da ƙofar motar.

“La, ya Ammu Idirisu, wallahi a'a. Ka san abin da suke fara dubawa a irtikaz. Ƙarƙashin sitiyari suke leƙawa. Suka ga waya tana reto, motar sata ce, ba mai sauraron bayanina. Su sauke Baba a bakin titi su tafi da ita, ni ma ban san inda za su kai ni ba.”

Ammu shi ne baffa a bakinmu, irtikaz kuwa shi ne shingen masu bindiga, kuma ba ɗaya ba ne a hanyar. Duk wanda ke wurin ya san gaskiya ta faɗa. Gudumar da za ta tayar da motar ita ce za ta hana ta isa. Muka tsaya cirko-cirko. Hanan ta tattare mayafinta ta fita da gudu.

Daga baya ta ce ta sami Badaru yana ba awaki ruwa. Tun kafin ta gama magana ya ture akuyar da ke tsaye a kan wurin, ya durƙusa ya fara tono da hannu. Haka ya shigo gidan Malam, jallabiya duk ƙasa, gwangwanin yana warin garke. Ya gai da Malam, ya dubi jama'a, ya dubi gudumar da ke hannun Idirisu. Ranar babu Asma, babu shayi, amma dabarar tana nan.

“Idirisu, Allah ya kawo ka. Ajiye wannan, ƙarfinka nake so. Sa afrita ka ɗaga min gaban motar, tayun su bar ƙasa, nauyi ya sauka daga kan sitiyari. In ka ɗaga ka tsaya ka riƙe tayar da hannu biyu, kar ka saki sai na ce.”

Idirisu ya jingina gudumar da bango, ya ɗauko jak ɗin da mu muke kira afrita, ya shiga aiki. Ni aka ba ni tocila in haska, ko da yake gari ya waye tas. Wani aka ce ya kare ƙofa. Kafin ka ce me, duk wanda ke da hannun ɓarna a gidan an ba shi abin riƙewa.

Sannan ya sunkuya ya shinshina. Na ga ya rufe ido. Hajja Hadizatu ta gan shi daga bayan motar, ta kuma gane, don ita ma ta sha jin wa'azin. Sai ta fashe da kuka.

“Ni ce, ya Usta. Duk watannin nan da take ajiye, nakan ɗaga tabarma in ɗiga mata kaɗan, kar ta yi tsatsa. Na ce ranar da Malam zai buƙace ta ta tashi da sauƙi. Ashe ni zan kashe shi da hannuna.”

Na jira in ji maganar albasa da gishiri. Mutumin da bai taɓa raga wa kowa a kan man riɗi ba, ya ɗago ya dube ta ya ce:

“Hajja, share hawayenki. Mai ana wanke shi. Da tsatsa ce ta ci ta, da ni ma ba ni da abin yi. Ki miƙo min sirinji ɗaya cikin kayan Malam, sannan ki ci gaba da yi masa fifita, aikinki ke nan.”

Ya zuƙi fetur kaɗan a sirinjin, ya riƙa ɗiga shi ta gefen makulli a hankali. Ruwan da ke gangarowa baƙi ƙirin, ya goge da gefen rawani, ya sake ɗigawa. Ya hura da baki. Ya sa Hanan ta riƙe sitiyari tana girgiza shi hagu da dama, kaɗan kaɗan, yadda ake jijjiga yaro. Shi kuma ya kama makullin da yatsa biyu, yana ƙwanƙwasa kansa da ƙotar magagari, ƙwas ƙwas ƙwas, kunnensa a jingine da ƙarfen. Daga nan sai ya janye hannu ya zauna.

“Me ake jira?” in ji Idirisu daga ƙasan mota.

“Sai fetur ya gama cin man. Shi ma aiki yake yi, a bar shi.”

Ban taɓa jin tsawon lokaci irin na zaman nan ba. Rana tana hawa katanga. Daga can kudu ana jin ƙarar bindigogin da muka saba da ita. Numfashin Malam yana fita da wani sauti da ba na son tunawa. Ni kaina, da nake rubuta wannan yabo, zuciyata cewa take a ɗauko gudumar. Na dubi Badaru na ga gumi yana ɗiga daga haɓarsa, amma hannunsa yana kan gwiwa, bai motsa ba. Malam ne ya buɗe ido ya ce da ƙyar, “Ku ƙyale shi.”

Ya sake ɗigawa, ya sake ƙwanƙwasawa, Hanan tana jijjiga sitiyari. Sai muka ji wani ɗan ƙaramin sauti, ƙyas, wanda da a kasuwa ne ba mai jin sa. Makullin ya koma baya, ya zaro shi kamar ba shi ne ya tsayar da unguwa guda ba. Muka ɗauki kabbara, ya ɗaga hannu ya ce tukuna. Ya ɗaga makullin sama ya duba, ya nuna wa Hanan wata 'yar tsaga siririya a wuyansa, inda filaya ta kama. Ya ɗora shi a kan katako ya miƙar da shi da lallashi, ya wanke ramin da burushi, ya jira ya bushe, ya kankare fensir ya goge makullin har ya yi baƙi.

“Ya bitti, 'yata, saurara. Makullin nan yana da rauni. Yatsa biyu, ba uku ba. In ya yi tauri kar ki matsa, ki girgiza sitiyari, ki yi numfashi, ki sake. Ko wa ke tsaye a kanki, ko me yake riƙe da shi, kar ki bari ya sa ki sauri.”

Idirisu ya sauke motar. Hanan ta zura makulli da yatsa biyu, ta murɗa. Tsohuwar boksi ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Mata suka rangaɗa guɗa, aka buɗe ƙofa, suka fita.

Sauran labarin daga bakin Hanan na ji shi. Shingayen farko leƙawa kawai aka yi, aka ga dattijo a kwance, aka ɗaga hannu. A na ƙarshe ne wani ya ce ta kashe mota, ta ba shi makulli. Ta kashe, ta zare, ta miƙa. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya shafa da hannu, bai sami ko waya ɗaya a waje ba. Ya juya makullin a tafinsa, ya ga irin cinyewar da sai makullin da ya tsufa tare da motarsa yake yi. Ya jefa mata shi a cinya, ya ce ta yi sauri ta ba da hanya. Ta zura, ta murɗa, ya yi tauri. Mutumin ya buga murfin motar da tafin hannu, na baya suna ta oda. Ta ce a nan ta ji muryar Ammu Badaru kamar yana kujerar gefe. Ta sassauta yatsu, ta girgiza sitiyari, ta ja numfashi, ta sake. Motar ta tashi. Kafin la'asar Malam yana kan injin wanki.

Badaru bai koma gida ba ranar. Ya zauna a ƙofar gidan Malam, gwangwanin a cinya, bai ci ba bai sha ba, har yamma da saƙo ya samu ya ratso. Da aka ce sun isa, an karɓe shi, Idirisu ya sungumi dattijon nan sama kamar buhun gawayi yana zagaya layi da shi, Badaru yana ta faɗin, “Sauke ni, ya majnun, za ka karya ni!” Ranar na ga manyan maza suna dariya hawaye na zuba, ba wanda ya ji kunyar kowa.

Usta Badaru, bari in juyo gare ka, ko da yake na san za ka sunkuyar da kai ka ce mene ne abin faɗa a ciki. Kai ne muka yi wa dariya shekara da shekaru don ka ƙi hanyar sauri, sai ga ranar da hanyar saurin ta zama hanyar halaka, taka ce kaɗai ta ɓulle. Kai ne ka zaɓi layin abincin taimako a kan ka yanka makulli ɗaya ga motar da ba ta mai ita ba. Kai ne ka ga tsohuwa tana kuka a kan kuskuren da ka fi tsana a duniya, ka haɗiye faɗanka ka ba ta aiki. Badaru na Umbadda, mai hannun lallashi, mun gode. Ina alfahari da cewa unguwa ɗaya muka sha ruwa.

Ku kuma masu karatu, kowannenku yana da abin da ake kawo masa a maƙale: maras lafiya, ɗalibi, rigimar 'yan'uwa, inji, aure. Kullum za a sami mai miƙo muku guduma, kuma sau da yawa mutumin kirki ne, yana kuma da hujja. Ku tambayi kanku inda abin zai je bayan ya bar hannunku, da wanda zai tsaya da shi a gaban shinge. In kuma akwai irin Badaru a layinku, ku gode masa yanzu, yana ji.

Mu mun yi namu ranar Juma'ar da ta wuce. Aka shimfiɗa tabarmi a layi, aka yi abinci, jama'a suka zo har daga Alshajara. Malam Isma'il ya dawo Umbadda tun da hanya ta buɗe, ya rame amma yana nan, kuma Hanan ce take kai shi wanki a boksin. Da magariba ta yi muka tashi muka daidaita sahu, kowa yana jiran Malam ya wuce gaba kamar kullum. Sai ya juyo, ya ratsa sahu, ya kamo hannun Badaru, hannun nan mai rawa, ya ja shi gaba.

“Malam, ka rufa min asiri,” in ji Badaru. “Ni gajerun surori kawai na iya.”

“Su muke so,” in ji Malam. “Ka yi a hankali, yadda ka saba. Yau ba mai ce maka ka yi sauri.”

Badaru ya tsaya a gaba ya ɗaga hannu ya yi kabbara. A bayansa, a tsakiyar sahun farko, Malam Isma'il yana tsaye da ƙafafunsa.